KOWA NA NEMAN HANYAR FITA DAGA HAITI, SU KUMA SUNA KOMAWA WA'AZI

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a sauka wurin sharhi. Magana ce da ta haɗa addini da siyasa da kuɗi, irin wadda in an karanta rabi aka tsaya sai a fahimce ta a baibai.

Duk mai bibiyar labaran duniya ya san halin da Haiti ke ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2024 kaɗai an kashe mutum sama da 5,600 a rikicin 'yan daba. Waɗanda aka kora daga gidajensu sun haura miliyan 1 da dubu 300, a ƙasar da mutanenta kusan miliyan 12 ne gaba ɗaya. Zuwa ƙarshen 2024, kimanin kashi 85 cikin ɗari na Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, ya faɗa hannun 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2024 har jirgin fasinja na kamfanin Spirit suka buɗe wa wuta yana shirin sauka, abin da ya sa Amurka ta hana jiragenta zuwa birnin. Tun da aka kashe shugaba Jovenel Moïse a cikin gidansa ranar 7 ga Yulin 2021, ƙasar ta shiga hannun gwamnatocin riƙon ƙwarya.

A irin wannan ƙasa, burin saurayi bai wuce ya ga ya fita ba. Wasu ta kwale-kwale, wasu ta dajin Panama a ƙafa, wasu ta iyakar Jamhuriyar Dominika. To amma akwai wasu 'yan Haiti da suka riga suka samu abin da kowa ke nema, wato takardar zama a Amurka ko Kanada, da aiki, da gida, da makarantar yara, sai kuma su tattara su koma. Fastoci ne, da limaman Katolika, da sistoci, da ma'aikatan jinya da malaman makaranta da ke aiki a ƙarƙashin coci. Ka tambaye su dalili, su ce maka kira ne daga Ubangiji.

Mutane sun kasu biyu a kansu. Wasu na ganin jarumai ne, wasu na cewa ganganci ne kawai, ko ma wata sabuwar hanyar cin abinci. Ni ra'ayina shi ne komawar tasu alheri ce, kuma Haiti ta fi buƙatarsu fiye da yadda take buƙatar Turawan mishan. Amma komawa kaɗai ba ta wanke mutum. Sai an duba abin da ya koma da shi, da wanda ke ba shi kuɗi, da wanda zai kwana a ciki in abu ya ɓaci.

Bari mu fara da dalilin da ya sa coci ke da nauyi haka a can.

Haiti ita ce ƙasar da bayi suka kori iyayengijinsu da ƙarfin tsiya suka kafa jamhuriya. Sun fara tawaye a 1791, suka ayyana 'yanci ranar 1 ga Janairun 1804, shekarar da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Kakanninsu daga nahiyarmu aka kwashe su, kuma a takardun gonakin rake na wancan lokaci har sunan Hausawa ana samu cikin jerin ƙabilun bayi. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta tilasta musu biyan diyyar faran miliyan 150, wai kuɗin asarar da masu bayi suka yi. Daga baya aka rage zuwa miliyan 90, amma bashin ya shanye ƙasar shekaru da dama. Amurka ta mamaye su daga 1915 zuwa 1934. Sai gidan Duvalier, uba da ɗa, suka riƙe su daga 1957 zuwa 1986. Kuɗin da ya kamata a gina makaranta da asibiti da shi, ko dai ya tafi biyan bashi ko ya shige aljihu.

Sakamakon haka, sama da kashi 80 cikin ɗari na makarantun Haiti ba na gwamnati ba ne, kuma da yawansu na coci ne. A ƙauyuka da dama, ɗakin shan magani na coci ne, rijiya ta coci ce, abincin rana da yaro ke ci a makaranta daga coci yake. Ko shahararren aikin lafiyar nan na likita Paul Farmer a ƙauyen Cange, tare da wani limamin coci ɗan ƙasa, Fada Fritz Lafontant, aka fara shi. Saboda haka in ka ji an ce wani ya koma Haiti aikin bishara, kar ka ɗauka hawa mumbari ne kawai ranar Lahadi. A aikace shi ne shugaban makaranta, shi ne mai motar ɗaukar mara lafiya, shi ne mai raba gardama, wani lokaci shi ake turawa ya yi ciniki da masu garkuwa.

Ga kuma matsalar gudun masu ilimi. Ƙididdigar Bankin Duniya ta taɓa nuna cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan Haiti masu ilimin gaba da sakandare a waje suke zaune. Kuɗin da mazauna waje ke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arziƙin ƙasar. Kuɗi na shigowa, mutanen da za su juya shi ya zama aiki sun tafi. Kuɗin aike yana biyan haya da kuɗin makaranta, amma ba ya tsayawa gaban allo ya koyar da lissafi, ba ya karɓar haihuwa da tsakar dare. Dole sai mutum da jikinsa. Wannan shi ne dalilina na farko na goyon bayan masu komawa.

Kuma abin ba yau aka fara ba. A 1969 François Duvalier ya kori limaman ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki daga ƙasar bisa zarginsu da goyon bayan 'yan adawa. Cikinsu akwai Fada Antoine Adrien, wanda ya zauna a Brooklyn ta New York yana hidimar 'yan gudun hijira, sai da mulkin ya faɗi a 1986 ya koma gida. Akwai kuma Fada Gérard Jean-Juste. A Amurka aka naɗa shi limami a 1971, ya jagoranci cibiyar taimakon 'yan gudun hijirar Haiti a Miami, yana shiga kotu yana fita saboda waɗanda ake kamawa a bakin teku. Da aka zaɓi Aristide ya koma gida a 1991. Aka yi juyin mulki a shekarar, ya shiga ɓuya maimakon ya gudu. Daga baya a cocinsa na Sainte Claire da ke Port-au-Prince ya riƙa ciyar da ɗaruruwan yara. An kama shi a 2004, aka sake kama shi a 2005, har ƙungiyar Amnesty ta ayyana shi a matsayin wanda aka ɗaure saboda ra'ayinsa. Ciwon dajin jini ne ya sa aka sake shi ya tafi magani, ya rasu a Miami a 2009. Kana iya ƙin siyasarsa, don mutumin Aristide ne na ƙut da ƙut, kuma Aristide na da nasa tabon. Abin da ba za ka iya cewa ba shi ne neman duniya ya kai shi. Ya bar inda ake daraja shi ya koma inda aka jefa shi kurkuku.

Dalilina na biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bature ɗan mishan zai zo da zuciya ɗaya, ba na musu. Amma yawancinsu sati ɗaya ko biyu suke yi, su shafa wa coci fenti, su ɗauki hoto da yara, su koma. Kuɗin tikitinsu kaɗai ya isa ya biya malaman makaranta albashin watanni. Ɗan ƙasa da ya dawo yana jin Kiriyol, harshen da kowa ke ji a ƙasar, ba sai da tafinta ba. Ya san wanda ke yi masa ƙarya. Ya san cewa in ka kawo buhunan shinkafa kyauta lokacin girbi, manomin kwarin Artibonite ka kashe. Wannan ba zato ba ne. A 1995 aka rage harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 zuwa kashi 3, shinkafar Amurka ta cika kasuwa, noman gida ya durƙushe, har sai da Bill Clinton da kansa ya fito a 2010 ya nemi afuwa kan rawar da ya taka. Wanda mahaifinsa ya bar gona saboda wannan ba sai an yi masa lacca a kai ba.

Sannan ya san ɗaya ɓangaren. Ya san yadda ake rubuta takardar neman tallafi, ya san yadda ake ajiye lissafi, yana da lambar mutanen cocinsa na Miami ko Boston ko Montreal. Shi ne gadar da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa.

To, a nan gizo ke saƙa. Gadar nan ita ce kuma wurin da ake cin amana. Bari in kawo abubuwa huɗu da ya kamata a auna duk mai komawa da su.

Na farko, hidima ya koma yi ko mulki? A Haiti tazarar da ke tsakanin mumbari da fadar shugaban ƙasa gajeriya ce. Aristide kansa limamin Katolika ne kafin ya zama shugaba a zaɓen Disambar 1990. Bayan kisan Jovenel Moïse, cikin waɗanda 'yan sanda suka kama akwai Christian Emmanuel Sanon, fasto kuma mai kiran kansa likita, wanda ya daɗe yana zaune a Florida. 'Yan sanda suka ce ya shigo ƙasar a jirgin sama na haya da burin hawa kujerar mulki. A farkon 2023 aka miƙa shi Amurka don fuskantar tuhuma. Ba ni ne alƙali ba, ba kuma zan yanke masa hukunci a Facebook ba. Amma labarin ya isa ya nuna cewa rigar fasto da fasfo na waje da kunnen masu kuɗi, in suka haɗu a jikin mutum ɗaya, yana iya fara jin cewa shi Allah ya aiko ya ceci ƙasa. Daga ranar da ya fara jin haka, mutanen cocinsa sun zama tsani.

Na biyu, ina kuɗin ke zuwa? Nan ne maganar gidajen marayu ke shigowa, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Binciken ƙungiyar Lumos na 2017 ya nuna akwai yara kusan 30,000 a gidajen marayu wajen 750 a Haiti, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari nasu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa aka miƙa su. Aƙalla dala miliyan 70 ke shiga waɗannan gidaje duk shekara, akasari daga masu ba da sadaka na coci-coci a Amurka da Kanada. Ka gane lissafin? Hoton maraya ya fi kawo kuɗi a kan hoton uwar da ke neman jari. Don haka sai a raba yaro da uwarsa don a samu abin nuna wa masu bayarwa. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, an kama wasu Amurkawa 'yan cocin Baptis su goma suna ƙoƙarin tsallake iyaka da yara 33 ba takarda, aka gano yawancin yaran na da iyaye. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye mutum 15, yawancinsu yara, a wani gidan marayu da wata ƙungiyar addini ta jihar Pennsylvania ke gudanarwa ba tare da cika sharuɗɗan hukuma ba. Waɗannan baƙi ne suka yi, gaskiya ne. Amma ɗan ƙasa da ya dawo ya buɗe irin wannan gida laifinsa ya fi girma, don shi ya san iyayen yaran, ya san da kuɗin da ake kashewa kan yaro ɗaya a gidan marayu za a iya riƙe gidansu gaba ɗaya.

Har ila yau kan kuɗi, coci-coci a Haiti na da rangwamen shigo da kaya ba haraji. A Yulin 2022 jami'an kwastam suka kama kwantenoni ɗauke da bindigogi da harsasai da aka shigo da su da sunan cocin Episkofal. Cocin ta ce ba ita ta yi oda ba, amma an kama wasu jami'anta. Haiti ba ta ƙera bindiga. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuka na 2023 ya ce yawancin makaman daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta Florida. Wato hanyar da kwantenar magani da littattafai ke bi, ita ta harsashi ke bi. Duk faston da ke karɓar kaya daga Miami ya wajaba ya buɗe littafinsa kowa ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, yaya zai zauna da waɗanda ba addininsu ɗaya ba? Haiti ƙasar Kiristoci ce, Katolika da Furotesta, amma addinin gargajiya na Vudu, wanda sunansa ma daga harshen Fon na ƙasar Benin ya samo asali, yana nan da ƙarfinsa, kuma tun 2003 gwamnati ta amince da shi a hukumance. Ba ruwana da kare aƙidar kowa a nan. Mai wa'azi na da 'yancin ya ce wa mutum hanyarka ba daidai ba ce. Inda matsala take shi ne wa'azin da ke cewa duk masifar Haiti daga tsafi ne. Washegarin girgizar ƙasar 2010, mai wa'azin talabijin ɗin nan na Amurka Pat Robertson ya ce wai 'yan Haiti alƙawari suka ƙulla da shaiɗan don su kori Faransawa, shi ya sa suke cikin la'ana. Irin wannan magana ta wanke Faransa da bashinta, ta wanke Duvalier, ta wanke masu safarar makamai, ta ɗora komai kan tsohuwa mai jiƙe-jiƙe a ƙauye. Kuma a can zargin tsafi kisa yake jawowa. Lokacin annobar kwalara a ƙarshen 2010 an kashe mutum sama da arba'in, akasarinsu malaman Vudu, wai su suka kawo cutar. Alhali daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, ta kashe mutum kusan 10,000, har Ban Ki-moon ya nemi afuwa a 2016. A Disambar 2024 ma wani shugaban daba a unguwar Cité Soleil ya sa an kashe mutum sama da 200, yawancinsu tsofaffi, bisa zargin su suka yi wa ɗansa asiri. Faston da ya dawo da ilimin waje ya kamata ya zama mai kashe irin wannan wuta. In ya dawo yana hura ta, gara ya yi zamansa a Brooklyn.

Na huɗu, wa zai biya in abu ya ɓaci? Wannan tambayar ce masu cewa ganganci ne suka fi riƙewa, kuma suna da hujja. A Afrilun 2021 dabar 400 Mawozo ta sace limamai biyar da sistoci biyu. A Oktoban shekarar ta sace 'yan mishan 17 na wata ƙungiya daga jihar Ohio, har da yara ƙanana, ta nemi dala miliyan ɗaya kan kowane mutum. A Janairun 2024 aka sace sistoci shida a Port-au-Prince. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe sistoci biyu a garin Mirebalais. Rigar addini ta daina kare kowa. Wanda kuwa aka san daga waje ya dawo, kuɗin fansarsa ya ninka, don an san akwai coci a Amurka da za ta yi karo-karo. Kowace dala da aka biya harsashi za ta saya. Mu nan arewa ba sai an fassara mana wannan ba, mun san yadda kuɗin fansar yau ke zama bindigar gobe.

Ga kuma maganar fasfo. Ranar da unguwa ta kama da wuta, mai fasfon Amurka na iya samun jirgi mai saukar ungulu ya fitar da shi. Mai gadinsa da mai dafa abincin yara da malaman makarantarsa fa? A Mayun 2024 'yan daba suka kashe wasu matasa ma'aurata Amurkawa 'yan mishan a arewacin Port-au-Prince. Duniya ta ɗauka. Tare da su aka kashe Jude Montis, ɗan Haiti, shugaban wurin, wanda ya shekara ashirin yana aikin, amma a labarai da yawa sunansa a ƙarshe yake zuwa. Shi ya sa nake cewa mai komawa ya tambayi kansa tun kafin ya hau jirgi: in na gudu, wa na bari a bakin kura? In zuwanka zai jawo idon 'yan daba kan mutanen da da suna zaune lafiya, to ba kai kaɗai ka sayar da rai ba.

Akwai kuma imanin da ke wuce gona da iri. A Agustan 2023 wani fasto da ake kira Marco, wanda shi mazaunin gida ne, ya jagoranci ɗaruruwan mabiyansa da sanduna da adduna suka nufi unguwar Canaan wai za su kori 'yan daba, da yawansu na ganin harsashi ba zai kama su ba. Aka buɗe musu wuta, aƙalla mutum bakwai suka mutu. Dogaro ga Allah daban, jefa mutane a halaka daban.

Duk da waɗannan, ban yarda da masu cewa kowa ya zauna inda yake ba. Ai ba Haiti gaba ɗaya ce Port-au-Prince ba. Akwai Cap-Haïtien a arewa, akwai Les Cayes da Jérémie a kudu, inda dubban waɗanda suka tsere daga babban birni suka kwarara, makarantu suka cika maƙil, asibitoci suka rasa ma'aikata. Can ma aiki ne. Kuma in kowane mai ilimi da mai imani ya ce sai an samu zaman lafiya zai koma, to wa zai rage a unguwa? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yara ƙanana sun kai kusan rabin mayaƙan 'yan dabar nan. Yaron da aka rufe makarantarsa, cikinsa ba komai, shi ake miƙa wa bindiga da kwanon abinci. Duk ajin da ya ci gaba da buɗewa, yara ne aka ƙwace daga hannun daba. 'Yan sandan Kenya da suka fara isa a Yunin 2024 ba za su yi wannan aikin ba, ko da adadinsu ya ninka goma.

Sai dai a nan dole in ja layi, don na san yadda ake juya magana. Kar wani ya ɗauki labarin waɗannan bayin Allah ya ce to ai ga shi Haiti na zaunuwa, a kwashe sauran a mayar. Wanda ya koma da ƙafarsa, da shiri, da cocin da ke tsaye bayansa, ba ɗaya yake da wanda aka ɗaure wa hannu aka jefa a jirgi ba. Tun bayan girgizar ƙasar 2010 Amurka ta bai wa 'yan Haiti kariyar zama ta wucin gadi, gwamnatin Trump kuma ta tashi soke ta a 2025, aka shiga ja-in-ja a kotu. A Satumbar 2024 mun ga yadda aka yi wa 'yan Haiti na garin Springfield ƙazafin wai suna cin karnuka da kyanwowin mutane, hukumomin garin suka ce babu shaida. Jamhuriyar Dominika kuma ta sanar a Oktoban 2024 cewa za ta riƙa korar har mutum 10,000 duk mako. Gwamnatin da ke gargaɗin 'yan ƙasarta kar su taka ƙafa Haiti, ita ce ke cewa 'yan Haiti su koma ba komai. Wannan wace irin magana ce? Sadaukarwa ba a tilasta ta. Kuma in aka kori direban tasi da ma'aikaciyar gidan tsofaffi da ke sa baiko duk Lahadi a Miami, makarantar da faston ya buɗe a Jérémie ita ma rufewa za ta yi, don daga aljihunsu ake biyan malamai.

Su ma 'yan gida akwai nasu gyaran. A Haiti kalmar "diyaspora" wani lokaci gori ce, ma'ana kai da ka gudu lokacin wahala yanzu ka zo kana koya mana. Tsarin mulkin 1987 ma ya hana riƙe shaidar zama ɗan ƙasa biyu, sai a 2012 aka sassauta. Ana son kuɗinsu, ba a son bakinsu. Mu ma muna da karin maganar, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Akwai gaskiya a ciki, don wanda ya shekara ashirin a waje zai tarar an yi fastoci da sistoci da ba su taɓa motsawa ba, waɗanda suka binne mutane bayan girgizar ƙasa, suka yi jinyar masu kwalara. Ladabi shi ne ya zo ya zauna a ƙarƙashinsu ya saurara, ko da digirinsa ya fi nasu. Amma su ma kar su rufe masa ƙofa don hassada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihinmu ma na da misali. Samuel Ajayi Crowther yana yaro aka kama shi bawa, jirgin Ingila ya ceto shi ya kai shi Saliyo, ya yi karatu, ya dawo ƙasar nan da aikin mishan, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya zama bishop a 1864, ya kafa tashoshi a gaɓar Neja har Lakwaja. A ƙarshen rayuwarsa wasu matasan Turawa 'yan mishan suka zo suka tozarta ma'aikatansa suka karɓe ragamar, don kuɗin daga Landan yake zuwa. Darasin da ke ciki ga ɗan Haiti mai komawa shi ne, muddin kowane sisi daga waje yake fitowa, cocin ba tasa ba ce, ba kuma ta mutanen garin ba ce. Ya nemi yadda za ta tsaya da ƙafarta, ko gona ce, ko wurin koyon sana'a, ko asusun adashi na mata, ya kuma horar da wanda zai gaje shi tun yana da ƙarfi.

Saboda haka ni ma'aunina mai sauƙi ne. In ka ji labarin wani ya bar Amurka ya koma Haiti aikin Allah, kar ka yi saurin tafi, kar kuma ka yi saurin zagi. Tambayi ko yaran da yake riƙo suna kwana gidan iyayensu. Tambayi ko akwai wanda ke duba lissafinsa ban da matarsa da ƙaninsa. Tambayi ko maƙwabcinsa da ba ya zuwa cocinsa yana ɗiban ruwa a rijiyarsa. Tambayi ko ya yi wa ma'aikatansa tanadin mafita irin wanda ya yi wa kansa. Wanda ya tsallake waɗannan, wallahi ya cancanci a jinjina masa, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba.

Mu kuma da ke karanta wannan daga Kano ko Jos ko Maraɗi, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Likitocinmu da malaman jami'armu na ta ficewa, 'yan bindiga na karɓar haraji a wasu ƙauyukanmu, kuma a wurare da dama masallaci da coci ne ke yin aikin da ƙaramar hukuma ta bari. Masu addini na iya riƙe al'umma kar ta faɗi, amma ba za su zama 'yan sanda da kotu da kwastam ba. Haiti ta gwada zama ba hukuma, ga inda ta kai ta.

Ina son jin ta bakinku, musamman 'yan'uwa Kiristoci da suka san aikin mishan daga ciki, da kuma namu da ke zaune a ƙasashen waje. In kai ne ka samu takardar zama, 'ya'yanka na makaranta lafiya, sai aka ce garinku na neman ka a irin wannan hali, za ka koma? A yi sharhi cikin mutunci, ban da zagin addinin kowa.

Allah ya kawo wa mutanen Haiti sauƙi, mu kuma ya zaunar mana da ƙasashenmu lafiya.